Babana Bai Hana Ni Ba

Shagonmu yana bayan babbar tashar Adjamé, a layin da masu dako ke bi idan motocin Yamai da Bamako suka fara lodi. Fulas na shayi muke sayarwa, da kuloli, da tukwane, da kwanukan silba, duk daga Sin suke zuwa cikin kwantena. Baba ya baro Birnin Ƙonni yana saurayi, ya fara da tallan agogo a hannu kafin Allah ya buɗa masa ya kama wannan shago. Ni a Abidjan aka haife ni, a unguwar Saint-Michel na tashi, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. A waje Faransanci nake yi da ɗan Julanci, amma da zarar na taka ƙofar ɗakinmu sai Hausa, don Baba ba ya amsa wa ɗansa in ya yi masa magana da wani yare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Na gama sakandare, na ci jarrabawar fita da ake kira bak, har na fara jami'a, sai ciwon Inna ya yi tsanani. Ni ce babba a mata, na ajiye karatu na zauna jinya. Ba wanda ya sa ni. Baba ma cewa ya yi zai ɗauko ƙanwarsa daga gida ta zo ta kula da ita, na ce ban yarda ba. Bayan Allah ya yi wa Inna rasuwa, sai karatun ya fita daga raina gaba ɗaya. Na koma shago na zauna bayan kanta ina ciniki da matan da suka sauko daga mota. Shekara ta zagayo, wata ma ta zagayo. Baba yakan dube ni ya girgiza kai.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci, ko hula bai cire ba ya ce, "Uwata, ranar Litinin ba ke za ki buɗe shago ba."

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. An yi sanarwa bayan salla. Wani kamfanin waya ya buɗe wuri a Treichville yana koya wa matasa aikin kwamfuta kyauta. An ce mata aka fi nema, kuma 'yan unguwanni irin tamu."

"To wa zai tsaya maka a nan?"

"Kafin a haife ki wa yake tsaya mini?"

Da kansa ya raka ni. Muka shiga bas, muka ratsa unguwar Plateau, muka haye gada. Wurin tsohon sito ne kusa da tashar Bassam, an yi masa fenti da launin kamfanin, ciki kuwa sanyin na'ura kamar a cikin firij. Aka yi mana gwaji a kan kwamfuta. Da na fito na tarar da Baba a bencin mai gadi, su biyun suna cin garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, a kwano ɗaya. Ba a jima ba aka kira ni a waya aka ce na ci.

Gaskiya ɗaya ce, sun koya mana aiki. Ba na so wanda ya karanta wannan ya ɗauka wurin na wasa ne. Malaminmu mutumin Bouaké ne, siriri, ba ya ɗaga murya, Mushe muke ce masa kawai, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ranar farko ya sa muka rubuta 'yan layuka a baƙin allo na kwamfuta, ya ce mu danna. Sai ga sallamar da na rubuta ta fito ɓaro-ɓaro a farin shafi. Na sauya kalma ɗaya, shafin ya koma shuɗi. Na mayar, ya dawo fari. Tun rasuwar Inna ban ji wani abu ya motsa mini zuciya haka ba. Ashe duk abin da nake gani a wayata mutum ne ya zauna ya rubuta shi, kuma ni ma zan iya.

A teburi ɗaya muke zama da wata yarinya 'yar arewacin ƙasar, 'yar ƙabilar Jula. Kafin ta zo nan dako take yi a kasuwar Adjamé, da babban baho a ka, tana bin matan da suka yi cefane. Karatunta bai yi nisa ba, amma idan ta kama abu ba ta saki. Ni ina taimaka mata da Faransanci, ita kuma tana hana ni yin fushi da kwamfuta. Idan aikina ya ƙi tafiya na fara huci, sai ta ja allon gabanta ta bi shi layi-layi har ta gano inda na manta waƙafi. Da haka muka zama ƙawaye.

Da watanni suka ja, Mushe ya ce kowa ya gina abin da zai amfani wani da ya sani. Ni shagon Baba na yi wa shafi, yadda abokan cinikinsa na Yamai da Wagadugu za su ga kayan da suka iso tun kafin su hau mota. Baba ne ke riƙe mini fulas ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar hoto, yana ta mitar cewa na sa shi aikin yara, amma in na ce mu huta sai ya ce saura kuloli.

Ana saura kaɗan mu gama, wata mata ta zo daga babban ofishin kamfanin da ke Plateau, da maza biyu masu kyamara. Ita ke kula da tallan kamfanin da abin da ake faɗa a kansa. Madam kowa ke ce mata. Mace ce mai fara'a, ta bi mu ɗaya-ɗaya tana gaisawa. Ta ce za a yi ɗan gajeren fim da za a nuna ranar bikin gama karatu. Ta zaɓi ƙawata, ta zaɓi wani saurayi daga Abobo, sannan idonta ya tsaya a kan hijabina, ta ce da ni.

Aka zaunar da ni gaban fitila mai zafi. Da Faransanci muka yi maganar. Ta tambaye ni abin da na koya, na faɗa. Sai ta sassauta murya.

"Mahaifinki fa? Ya yarda kuwa da zuwanki nan?"

"Shi ya kawo ni."

"Na gane. Amma da farko? Na ji an ce kin bar jami'a kin koma shagonsa."

"Mahaifiyata ce ba ta da lafiya. Ni na zaɓi in zauna da ita."

"Bayan nan kuma ya riƙe ki a shago."

"Bai riƙe ni ba, Madam. Ni na ƙi fita."

Ta yi wa mai kyamara alama ya dakata, ta matso da kujerarta. Ta ce in fahimce ta, masu kallo suna so su ga wahalar da mutum ya tsallake. Ta ce ba sai na zagi kowa ba, in ce kawai a al'adarmu ba a barin mace ta yi nisa, amma ni na dage. Ta ce akwai 'yan mata da yawa da haka ta faru da su, in na faɗa da yawunsu na yi magana.

Na ce, "Akwai su, na san wasu. Ku je ku tambaye su. Ni ba haka ta faru da ni ba, kuma ba zan faɗa ba."

Ta yi murmushi ta ce ba komai. Na ɗauka magana ta ƙare.

Suka nemi su zo Adjamé su ɗauki shago. Baba ya yi murna ƙwarai. Ya sa aka share gaban shago, ya jera sababbin kuloli, ya sa farar riga, ya aika aka sayo musu lemo mai sanyi. Sun ɗauke shi yana dariya, sun ɗauke mu muna duba shafin tare a waya. Suna shirin tafiya wani ɗan kamasho ya zo ya jibge buhunan fasinja a ƙofar shagon, Baba ya fita ya yi masa faɗa, fuska a murtuke, yana nuna shi da yatsa. Na ga mai kyamara ya juya ya ɗauka. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar biki da hantsi aka yi, a wani babban zaure a Treichville. Manyan kamfanin suna layin gaba, da baƙi daga ma'aikatu, da 'yan jarida. Baba ya sa babbar rigarsa ta salla, ya gayyato abokansa biyu na masallaci, dattawa, su ma 'yan kasuwa. Tun kafin ranar an gaya mini ni zan yi godiya a madadin ajinmu.

Aka rage fitilu, fim ya fara. Ƙawata ta fito tana ba da labarin bahonta, da bakinta, kuma duk gaskiya ne. Aka tafa mata. Sai ga kwatar da ke bayan tasha, da shara, da masu dako cikin rana. Sai ga ni a bayan kanta, kaina a sunkuye. Wata murya mai taushi, ba tawa ba, ta fara bayani. Ta ce wannan yarinya an cire ta daga jami'a an tsare ta a shagon mahaifinta. Daidai nan aka nuno Baba, fuska a murtuke, yana nuni da yatsa. Ba a nuna ɗan kamashon ba. Muryar ta ce a inda al'ada ta rufe ƙofa, kamfanin ya buɗe taga. Sai ga ni gaban kwamfuta ina dariya.

Faransancin Baba na kasuwa ne, amma ya ishe shi ya gane. Na waiwaya. Yana zaune a miƙe, hannayensa a kan gwiwa, idonsa a kan allon. Ɗaya daga cikin abokansa ya karkata yana fassara wa ɗayan a kunne. Wata mata da ke kusa da su ta dubi Baba, ta dubi allon, ta sake dubansa, ta ja jakarta jikinta.

Aka kunna fitilu ana tafi, aka kira ni. Na hau dandamali. Na karɓi takardar shaida, aka miƙo mini abin magana. Godiyar da na shirya na fara da ita, don ta cancanta. Na gode wa kamfanin, na gode wa Mushe, na ce abin da aka koya mana a wurin nan ya canza mini rayuwa. Sannan na ce:

"Mutumin da kuka gani a fim ɗin nan mahaifina ne. Ga shi can zaune da farar hula. Bai taɓa cire ni daga makaranta ba. Shi ya ji sanarwar wannan wuri, shi ya kawo ni da ƙafarsa, ya zauna a waje yana jirana. Na faɗa wa masu fim haka, sun ji, suka je suka faɗi wani abu dabam. Wanda yake yi wa faɗa a hoton ɗan kamasho ne da ya tare masa ƙofar shago."

Na juya wajen dattawan nan na maimaita da Hausa, kalma bayan kalma, don kada su koma Adjamé da rabin magana. Wani daga baya ya fara tafi, 'yan ajinmu kaɗan suka bi shi, tafin ya mutu da wuri. Mai gabatarwa ya karɓe abin magana ya yi wani barkwanci, aka saka kiɗa.

Na zaci Baba zai yaba mini. Muka shiga bas, muka haye gada. Sai da muka kusa Adjamé ya ce, "Da kin bari an watse, kin same su a gefe."

"A gaban mutane suka faɗa, Baba."

"Sun koya miki sana'a. Mutum ya yi maka alheri, ba ka tsinka shi a gaban baƙinsa."

"Na gode musu kafin in faɗa. Kuma ko gobe aka sake, haka zan yi."

Ya dube ni ya daɗe, ya mayar da kai taga. Har yau bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba.

Abin da ban sani ba, tun safiyar ranar an riga an saka fim ɗin a intanet. Kafin mako ya fita ya shiga wayoyin 'yan kasuwa. Har daga Ƙonni aka kira Baba, wani ɗan'uwansa yana tambaya ko gaskiya ne ya hana 'yarsa karatu har an yi fim a kansa. A masallaci wasu na yi masa ba'a, wasu na jajanta masa, kuma jajen ya fi ba'ar ciwo. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsare mutuncinsa a ƙasar da ba tasa ba, sai ga shi ya rage fita gaban shago.

Ƙawata kuma ta yi fushi da ni. Ta same ni a tashar Bassam ta ce, "Ke kina da shagon da za ki koma. Ni in suka rufe wurin nan saboda bakinki, ƙannena biyu da nake so su shiga, ina za su?"

Na ce mata kawai ba zan iya sayar da ubana don a bar ƙofa a buɗe ba. Ta tafi ba sallama.

Na je Plateau. Ofishinsu yana can sama a wani dogon bene, ana ganin ruwa ta gilashi. Aka ce Madam tana taro. Na zauna har aka tashi. Na koma, aka ce ta yi tafiya. Na sake komawa. Mai karɓar baƙi ta saba da ni har ta fara ajiye mini ruwa. Mushe ne ya kira ni a waya a tsakanin nan. Ya ce shi ma'aikacinsu ne, ba zai iya fitowa fili ba, amma in sani doka ba ta yarda a ɗauki hoton mutum a jingina masa abin da bai yi ba, kuma in na faɗi haka a ofishin za su gane na san inda zan kai ƙara.

Ranar da Madam ta yarda ta gan ni, ba ta yi fara'a ba, amma ba ta yi mini wulaƙanci ba. Ta ce na kunyata ta a gaban shugabanninta. Ta ce in san cewa kowace shekara sai ta yi yaƙi kafin a ci gaba da wannan makaranta, kuma manyan ba sa kallon shafin da na gina, abin da ke taɓa zuciya suke kallo. Ta ce minti nawa ne ma fim ɗin, wa zai tuna da shi baɗi?

Na ce, "Mahaifina zai tuna. Mutanen da yake salla da su za su tuna."

"Kin san yara nawa wannan fim zai iya buɗe wa hanya?"

"Labarin ƙawata yana ciki, kuma gaskiya ne. Ku bar shi. Na mahaifina ƙarya ne, ku cire. In ba ku cire ba zan kai ƙara, kuma duk ɗan jaridar da ya tambaye ni zan faɗa masa abin da na faɗa a zaure."

Ta ce za ta duba. Na ce zan dawo jibi in ji. Na kuwa dawo.

A ƙarshe sun sauke fim ɗin, suka mayar da wani wanda babu ni babu Baba a ciki. Ba su ba da haƙuri a fili ba. Wani matashi daga ofishin ya zo shago da kwalin kyauta mai tambarin kamfanin, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi lemo, da ya tafi ya miƙa wa mai gadin layin kwalin ko buɗewa bai yi ba. Tsohon fim ɗin kuwa yana nan a wayoyin da suka riga suka sauke shi, wannan ba mai iya cire shi.

An ce waɗanda suka fi ƙoƙari a ajinmu za a ɗauke su gwajin aiki a kamfanin. Ina cikinsu a maki, amma ba a kira ni ba, ba a kuma gaya mini dalili ba. Ƙawata an kira ta, kuma ta cancanta. Makarantar ba a rufe ta ba, ƙanen ƙawar tawa ɗaya ya shiga a zango na gaba. Ita ce ta zo shago wata Lahadi da aloko, wato soyayyar ayaba, a leda, ta ajiye a kan kanta ta ce in kawo barkono. Ba mu tayar da maganar ba, muka ci.

Ni kuma wani abokin cinikin Baba ya ga shafin shagonmu, ya haɗa ni da wani ofishin masu fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, a Treichville. Can nake aiki yanzu, ina gina musu abin da 'yan kasuwa ke duba inda kwantenarsu ta kwana. Ranar Asabar kuma, a ɗakin ajiya da ke saman shago, ina zama da 'yan matan unguwa da wasu matan aure, ina koya musu abin da aka koya mini. Da Hausa nake yi, in kalma ta ƙi sai mu ara daga Faransanci mu wuce. Kwamfuta ɗaya gare mu, tawa, sauran a waya suke gwadawa.

Kwanan baya aka kira ni daga kamfanin, wata sabuwar murya. Ta ce sun ji labarin ajin Asabar, suna so su ba mu kwamfutoci, za su zo da masu kyamara ranar miƙawa. Na ce kwamfutoci muna so, muna kuma godiya. Kyamara kuwa sai in kowace mace a ajin ta yarda da bakinta, kuma sai mun ga fim ɗin mun ji abin da aka faɗa a ciki kafin kowa ya gani. Ta ce ba haka suka saba yi ba. Na ce to mu haka muke yi. Ta ce za ta yi magana da na sama da ita.

Ba su kira ba tukuna. Asabar ɗin da ta wuce wata matar aure mai sayar da turare ta gama shafinta na farko a waya, ta sauka ƙasa tana nuna wa duk wanda ya shigo sayen fulas.